Hattara da «mizajur» ta bayan fage: yadda ake shiga aljihun ƴan kasuwa ta cikin salula

Wata Laraba, bayan mun ƙare shirinmu na ƴan kasuwa a gidan rediyo, sai mai gadi ya ce mana akwai wata Hajiya da ke jiranmu a ƙofa tun kafin azahar. Mun fito muka tarar da ita zaune a kan benci, salula a hannu, ta naɗe ta cikin leda kamar abin da take tsoron taɓawa. Mai sayar da atamfa da leshi ce a babbar kasuwar Maraɗi, kuma ita ce uwar adashen wasu mata na layinsu. Ta roƙe mu kada mu ambaci sunanta, amma ta ce labarin kam a baza shi.

Ga yadda abin ya faru. Wani saƙo ne ya shigo cikin gurup ɗin matan kasuwa, yana cewa duk wadda ba ta yi wa wayarta «mizajur» ba kafin Juma'a, wayar za ta rufe. A ƙarƙashin saƙon akwai wurin latsawa. Hajiya ba ta karanta faransanci, sai ta miƙa wa yaron maƙwabcin shagonta. Yaro ya latsa, wani abu ya sauka, ya dinga neman izini ɗaya bayan ɗaya, yaro yana ba shi. Ya maido mata da waya ya ce: «Hajiya, an gama, yanzu ta zama sabuwa.»

Kwana biyu kredinta na ƙarewa ba ta kira kowa ba. A rana ta uku WhatsApp ɗinta ya fita da kansa. Da yamma ƙanwarta ta kira daga Tasawa: «Yaya, lafiya dai? Wane ne ba shi da lafiya da kike neman kuɗin likita da gaggawa haka?» Kafin ta gane abin da ake ciki, mata biyu daga cikin ƴan adashe sun riga sun aika kuɗi zuwa wata lamba da ba tata ba, don sun ga hotonta da sunanta a kan saƙon. Daga cikin jarinta ta biya su.

Ta ce mana: «Ƙanena, kuɗi ana samu ana rasawa. Abin da ya hana ni barci shi ne sunana. Shekara nawa mata ke ba ni ajiya ba a taɓa jin kaina da kowa ba?»

Ba mu yi mata dariya ba, don mu ma mun sha irin wannan ruwa. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin haɗa shirye-shiryenmu da kamfaninta ya daina yi mata hidima. Wani saurayi ya zo da kile ya ce yana da duk gyare-gyaren da ta rasa, kyauta. Muka bar shi ya zuba. Bayan ƴan kwanaki muka wayi gari tallace-tallacen ƴan kasuwa da hirarrakin da muka tara sun kulle, ba su buɗuwa. Wasu mun sake ɗauka, wasu kuwa masu muryar sun riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu warware wannan magana dalla-dalla.

Mece ce mizajur ta tsaro?

Kowace salula ta zamani da kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, wato uwar gida da sauran manhajoji ke zaune a ƙarƙashinta. A yawancin wayoyin da ke hannunmu sunanta Android, ta kamfanin Google. A iPhone sunanta iOS, ta kamfanin Apple. A yawancin kwamfutocin shaguna da ofisoshi kuwa Windows ce, ta kamfanin Microsoft. Mutane ne suka rubuta su, layi miliyoyi, kuma ɗan Adam ajizi ne. Kullum ana gano wata kafa da aka bari a buɗe, wadda ɓarawo zai iya bi ya shiga.

In an gano kafar, sai kamfanin ya rubuta ɗan gyara ya aiko. Wannan gyara shi ne mizajur ta tsaro. In kuna so ku ce faci, ba ku yi kuskure ba, aikinsa ɗaya da na mai facin taya a bakin tasha. Tun watan Oktoba na 2003 Microsoft ke fitar da nasa facin a Talata ta biyu ta kowane wata. Google kuma ya fara fitar da na Android wata-wata a watan Agusta na 2015, bayan an gano wata babbar kafa da aka laƙaba wa suna Stagefright, wadda ta shafi wayoyi wajen miliyan 950. Ta wannan kafa, saƙon bidiyo kaɗai ya isa a shiga wayar mutum.

Sai dai facin Android ba ya zuwa kai tsaye daga Google zuwa hannunka gaba ɗaya. Google yana miƙa shi ga masu ƙera wayoyi, irin su Samsung, Tecno, Infinix da itel, su kuma su daidaita shi da kowane samfuri nasu sannan su aiko. Shi ya sa wata waya ke samu da wuri, wata a makare, wata kuma ta daina samu kwata-kwata.

Kada wani ya ce ai sai a bar facin a huta. Ranar da kamfani ya fitar da faci, ranar ce ya nuna wa duniya inda kafar take, ɓarayi kuma suna nazarinsa su tafi neman waɗanda ba su liƙa ba. A ranar 14 ga Maris na 2017 Microsoft ya fitar da facin wata kafa. Mutane da ma'aikatu da yawa ba su sa ba. A ranar 12 ga Mayu na wannan shekara wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta kafar ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150. Asibitocin gwamnati a Ingila suka dinga mai da marasa lafiya gida, kamfanin motoci na Renault ya tsai da aiki a wasu masana'antunsa. Masu cutar suna neman dalar Amurka 300 a kan kowace kwamfuta, ba dalarmu ta tamma biyar ba, wato wajen jikka 180 a canjin lokacin. Ke nan faci dole ne. Abin tambaya shi ne daga hannun wa aka karɓo shi.

Me ke kai mutane bayan fage?

Ba wauta ce ke kai ɗan kasuwa neman mizajur a wurin da bai dace ba. Dalilan a fili suke.

Na farko, kamfanoni suna yaye kayansu. Microsoft ya daina aiko da facin Windows XP a ranar 8 ga Afrilu na 2014, na Windows 7 a ranar 14 ga Janairu na 2020, na Windows 8.1 a ranar 10 ga Janairu na 2023, na Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba na 2025. Ga shi kwamfutocin da ke shagunanmu, da wuraren buga takardu, da ɗakunan ajiyar kaya, yawancinsu na hannu ne da aka gama mora a Turai ko Amurka. Da yawa daga cikinsu ba su da ƙarfin ɗaukar Windows 11. Haka wayoyi masu araha, wa'adin facinsu gajere ne. A watan Oktoba na 2023 WhatsApp ma ya daina aiki a kan wayoyin da ba su kai Android 5 ba. Mai irin wannan waya, in aka ce masa ga wanda zai tayar masa da ita a kan jikka ɗaya, me kuke zaton zai yi?

Na biyu, tsadar mega da raunin rezo. Babbar mizajur tana iya cin giga ɗaya ko fiye. Wanda ke sayen mega na yini ɗaya zai fi son a tura masa daga wayar aboki, ko a zuba masa daga kwamfutar mai gyara.

Na uku, da yawa daga cikin kwamfutocinmu Windows ɗin da ke kansu ba ta halal ba ce, an fasa ƙofarta ne aka sa. Masu sa ta sukan kashe hanyar mizajur ta gaskiya don kada a gane, sai mai kwamfuta ya koma dogara da abin da za a kawo masa a kile.

Na huɗu kuma tsoro. Saƙon da ya zo wa Hajiya bai roƙe ta ba, razana ta ya yi. Ya sa mata wa'adi. Duk ɗan kasuwa ya san dillalin da ke cewa «in ba ka biya yanzu ba wani na nan tafe» akwai abin da ba ya so a duba.

Maganar hatimi

Masu shigo da kaya sun san darmar da duwan ke ɗaura wa kwantena ko babbar mota. In darma ta iso lafiya da lambarta, an san ba a buɗe kaya a hanya ba. In an tsinke ta, ko da kaya sun cika, sai an yi bayani. Facin gaskiya ma haka yake zuwa. Kamfanin yana buga masa hatimi na lissafi wanda shi kaɗai ke riƙe da mabuɗinsa. Kafin waya ko kwamfuta ta karɓi facin sai ta duba hatimin, in an sauya ko da harafi ɗaya a hanya, sai ta ƙi karɓa.

Shi ya sa mai kawo maka na bayan fage dole ya bi ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Ko dai ya sa ka buɗe wa wayarka ƙofar karɓar manhaja daga wurin da ba a sani ba, kamar yadda yaron nan ya yi wa Hajiya. Ko kuma ya tsinke darmar wayar ɗungurungum, ya zuba mata wata babbar manhaja da ba ta kamfani ba. Wayar da aka yi wa haka, wasu manhajojin banki da na aika kuɗi ma ba su yarda su yi aiki a kanta.

Abin da ya sa lamarin ke da nauyi shi ne matsayin da mizajur ke da shi. Baƙon da ya zo sayen kaya a bakin kanta yake tsayawa. Mai gyaran kwaɗo kuwa har ɗakin ajiya kake kai shi, ka ba shi mabuɗi. Duk abin da ya shigo da sunan mizajur, mutum da hannunsa yake ba shi izinin karanta saƙonni, da ganin lambobin mutane, da kallon abin da ake latsawa. Ta nan aka ci Hajiya. In za a buɗe WhatsApp ɗin mutum a wata waya, kamfanin yana aiko da kode mai lamba 6 ta gajeren saƙo. Abin da aka sa mata ya karanta koden ya miƙa wa ɓarawo, ita ba ta ma ga shigowarsa ba.

Dattawanmu ba su manta da 1995 ba, shekarar da annobar sanƙarau ta yi mana ɓarna a Nijar. A cikin wannan tashin hankali an yi wa mutane fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu. Sun miƙa hannu, sun ji zafin allura, sun koma gida da kwanciyar rai, alhali babu abin da ke kare su. Mizajur ta jabu ita ma haka take. Mafi sauƙin sharrinta shi ne ta bar ka a buɗe kana zaton a rufe kake. Mafi muninsa kuwa ita kanta ce cutar.

Abin da ya riga ya faru a duniya

Kada a ɗauka tatsuniya muke yi. A watan Yuli na 2019 masu bincike sun tona asirin wata manhaja mai suna Updates for Samsung, wadda ba ta da wata alaƙa da kamfanin Samsung. An sauke ta fiye da sau miliyan 10. Tana neman wajen dalar Amurka 35 a shekara don ta ba mutum abin da kamfanin ke bayarwa kyauta a cikin wayar.

A watan Maris na 2021 kamfanin tsaro na Zimperium ya gano wata manhajar leƙen asiri da ta sa wa kanta suna System Update, ana sauke ta a wajen Play Store. Tana kwashe saƙonni da hotuna, tana ɗaukar muryar kira, tana iya kunna kamarar waya, tana faɗin inda mai wayar yake. Duk wannan tana yi ne tana nuna alama kamar mai neman sabon faci.

A watan Agusta na 2021 kamfanin Kaspersky ya sami wata cuta mai suna Triada a cikin FMWhatsApp, ɗaya daga cikin kwaikwayon WhatsApp da matasanmu ke tura wa juna, ƴar uwar GB WhatsApp. Aikin Triada shi ne ta sa mutum cikin rajistar biyan kuɗi ba da saninsa ba, ta karanta saƙonninsa, ta kuma jawo wasu cututtukan. Ban da haka, kamfanin WhatsApp yana rufe lambobin da ya kama suna amfani da irin waɗannan kwaikwayo. Ki tuna, uwar gida, duk abokan cinikinki a kan wannan lamba suka san ki.

A watan Fabrairu na 2022 masu bincike na kamfanin HP sun gano wani shafi da aka yi shi tamkar na Microsoft, yana tallar Windows 11 kyauta. Wanda ya sauke, abin da ya samu shi ne RedLine, ɓarauniyar lambobin sirri da bayanan katin banki. A watan Afrilu na wannan shekarar kuma wata cutar kulle kaya mai suna Magniber ta yaɗu da sunan facin Windows 10, kuma ɗaiɗaikun mutane da ɗalibai ta fi kamawa, ba manyan kamfanoni ba.

Gaskiya kuma sai a faɗe ta duka: ƙofar gaskiyar ma an taɓa fasa ta. A ranar 27 ga Yuni na 2017 wata cuta mai suna NotPetya ta shiga ta hanyar mizajur ta wata manhajar lissafin haraji a ƙasar Yukren, ta bazu a duniya. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda masu sauke kaya a Kwatano da Lome suka san kwantenoninsa, ya yi asarar da ta kai dalar Amurka miliyan 200 zuwa 300. A 2020 kuma an bayyana cewa wayoyi samfurin Tecno W2 wajen 53,000, a ƙasashe irin su Habasha, Masar, Gana, Kamaru da Afirka ta Kudu, sun iso kasuwa da Triada a cikinsu. Kamfanin Transsion mai wayar ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito, ya kuma fitar da gyara. To amma ku lura da bambancin. A nan akwai kamfani mai suna da adireshi, an tambaye shi, ya amsa, ya gyara. Wanda ya turo saƙo cikin gurup fa, a ina za a same shi?

Ba kowane na waje ne ɓarawo ba

Ba mu ce duk facin da bai fito daga kamfanin asali ba na mugunta ne. Bayan an yaye Windows XP a 2014, wasu sun gano dabarar sa kwamfuta ta yi shigar injin karɓar kuɗi na manyan kantuna, don ta ci gaba da samun facin da ake yi wa waɗannan injuna, wanda ya ci gaba har watan Afrilu na 2019. Microsoft ya yi gargaɗi cewa ba don XP ta gida aka yi facin ba, ba a gwada shi a kanta ba, kuma ba zai rufe duk kafofinta ba. Akwai wani kamfani a ƙasar Silobeniya mai hidimar 0patch, da ke sayar da ƙananan faci ga Windows da aka yaye. Akwai LineageOS, wadda ƴan sa kai ke haɗawa tun ƙarshen 2016 don tsawaita ran wasu tsofaffin wayoyi. Akwai kuma Linux, babbar manhaja ta kyauta, irin su Ubuntu da Linux Mint, da ke iya tafiyar da tsohuwar kwamfuta tare da faci na kai a kai.

Waɗannan suna da suna, suna da wurin da aka san su, masana kuma na bin diddigin aikinsu. Duk da haka suna da iyaka. LineageOS ba ta da samfuri ga yawancin wayoyi masu araha da ke kasuwanninmu, kuma akwai sassan waya da mai ƙera ta kaɗai ke iya yi musu faci. Sannan ɓarayi suna kwaikwayon sunayen waɗannan ma. Saboda haka hanya ce ta wanda ya san aikin, kuma ko shi sai ya ɗauko daga gidan masu abin, ba daga fayil ɗin da ya yi yawo hannu goma ba.

Haka maganar ƴan uwanmu masu gyaran waya, na Kasuwar Dole a Damagaram, da na Katako a Yamai, da na Tawa da Ƙwanni da Maraɗi. Yawancinsu masu neman halal ne, kuma sun ceto wayoyi da yawa da aka fid da rai da su. In waya ta mutu a kan tambarinta, filashin ne maganinta. Matsalar ita ce fayil ɗin da ake zubawa. Sau da yawa shi kansa mai gyaran bai san asalinsa ba, wani ya ba shi, shi ma wani ya ba shi. Ba rashin kunya ba ne ka ce: «Malam, wannan da za ka zuba mini, daga shafin kamfanin ka ɗauko ko daga ina?» Mai gyaran kirki ba zai ji haushi ba. Wanda ya harzuƙa kuwa ya ba ka amsa.

To, mene ne abin yi?

Da farko a san ƙofa. Mizajur ta gaskiya a cikin waya take, ba ta zuwa ta WhatsApp, ba ta zuwa ta gajeren saƙo, ba ta faɗowa a fuskar waya lokacin da ake kallon bidiyo. A wayar da ke kan faransanci a shiga «Paramètres», a nemi «Système» ko «À propos du téléphone», a nan ake ganin «Mise à jour». A kwamfuta kuma «Windows Update» da ke cikinta. Sauran manhajoji a sabunta su ta Play Store ko App Store. Duk saƙon da ya ce a latsa nan, a goge shi, ko da daga wayar ɗan uwa ya fito, don wataƙila shi ma an riga an ci shi.

Na biyu, a duba kwanan watan facin ƙarshe. Yana nan a rubuce a wurin bayanin waya. In ya wuce shekara ɗaya kuma wayar ta ce babu sabo, to alama ce an yaye ta. Wanda bai iya karantawa ba ya sa ɗansa ɗan lakwal ya duba masa, a gabansa.

Na uku, in mega ce matsala, a jira inda ake da wifi na aminci ko a sayi na dare mai rahusa, a kuma tabbata batir ya cika. Jikka ɗaya ta mega ta fi sauƙi a kan jarin shekara.

Na huɗu, a raba ƙafa. Wayar da aka yaye, ko wadda aka yi wa filashin da fayil ɗin da ba a san asalinsa ba, kada a sa mata manhajar banki ko ta aika kuɗi. A ajiye pus ɗin kuɗi a ƙaramar waya mai maɓallai, a bar babbar ga hotunan kaya da gaishe-gaishe. Lissafin bashi da na adashe kuma a rubuta shi a littafi, don takarda ba ta kamuwa da cutar intanet.

Na biyar, a kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp, wato a sa lambar sirri ta kai. Da Hajiya na da ita, da koden da aka sace bai isa a shiga ba. Lambar sirrin kuɗi kuma ba a ba kowa, ko mai gyara, ko wanda ya kira ya ce daga kamfani yake. In za a kai waya gyara a cire pus da katin ajiya tukuna.

Na shida, ga masu kwamfuta a shago. Microsoft ya buɗe wa masu Windows 10 na gida hanyar ƙarin faci har zuwa 13 ga Oktoba na 2026, a kan dalar Amurka 30 ko kyauta bisa wasu sharuɗɗa, kuma daga cikin «Windows Update» ake shiga, ba ta hannun dillali ba. Kwamfutar da ta fi haka tsufa, ko dai a sa mata Linux ta hannun masani, ko a cire ta daga intanet a bar ta ga lissafi da buga takarda, a daina cusa mata kowane kile. Kowane mako a kwafe muhimman takardu a wata ma'ajiya da ba ta zama a jone.

Na bakwai, a wurin saye. Yadda kuke tambayar ƙarfin batir da kyan kamara, ku dinga tambayar shekara nawa za a yi wa wayar faci. Google a 2023 da Samsung a 2024 sun yi alkawarin shekara 7 ga manyan wayoyinsu. Tarayyar Turai kuma, tun daga 20 ga Yuni na 2025, ta wajabta aƙalla shekara 5 ga sababbin wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta. Mu ba mu da mai tilasta mana wannan sai bakinmu. In masu saye suka dinga tambaya, masu shigo da kaya za su fara tambaya su ma. Araha dai ba ta ado.

In kuma abin ya riga ya faru, kada kunya ta sa a yi shiru. A kashe intanet ɗin wayar nan take. A kira kamfanin layi da na aika kuɗi a tsai da asusun, a sauya lambobin sirri daga wata waya. A sanar da ƴan uwa da abokan ciniki da murya, ba da rubutu ba. A sake buɗe WhatsApp da lambar a wata waya mai tsabta, don shigar mai lamba yana fitar da ɓarawo, ko da yake wani lokaci sai an jira mako guda in ɓarawon ya sa tasa lambar sirri. A wanke wayar a mai da ita yadda ta fito daga kamfani, in alamun sun dawo bayan wanki to cutar ta yi saiwa, sai a kai ta wurin gyaran da kamfanin ya amince da shi. Sannan a kai ƙara wurin ƴan sanda da hotunan saƙonnin da lambar da aka aika wa kuɗi. Tun 2019 Nijar na da dokar hukunta laifuffukan intanet.

Mun koma kasuwa

Bayan mako uku mun leƙa shagon Hajiya. Mun tarar da ita da wayoyi biyu, babba a kan kanta, ƙarama ɗaure a bakin zane. Ga wani sabon littafi mai baƙin bango, ƴarta ce ke rubuta mata zubin adashe duk yamma. Lambarta ta dawo hannunta. Kuɗin kuwa har ranar ba su dawo ba. Mata biyu sun janye daga adashen, sauran sun tsaya, don ita da ƙafarta ta bi su shago-shago ta faɗa musu abin da ya faru.

Muna zaune sai wayar maƙwabciyarta ta yi ƙara. Wani saƙo ne, wai a sabunta kafin ƙarshen wata. Matar ta miƙo tana tambaya. Hajiya ko dubawa ba ta yi ba ta ce: «Goge shi, ƙawata. In mizajur kike so, bari yarinya ta dawo daga lakwal ta shiga ta ƙofar gida.»

Jama'a, wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, a shago, a tasha, a wurin awon hatsi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kare mana dukiya da mutunci, ya sa albarka a kasuwa.